Motar Surukina da Ciwon Taubashina

Ni dai lakol, wato makarantar boko, ban yi nisa ba. Ina aji huɗu mahaifina ya cire ni ya miƙa mini hauya. Amma kafin in fita na riski wata tambayar lissafi da mushe, wato malaminmu, yake jin daɗin azabtar da mu da ita: ga robine, wato famfo, yana zuba ruwa a randa, randar kuma da huda a gindinta, yaushe za ta cika? Mu da ba mu taɓa ganin robine ba, rijiya da guga muka sani, sai mu yi ta kallon allo. Na sha bulala a kan tambayar nan. Ashe ajiye mini ita aka yi. Sai da furfura ta gama cinye gemuna aka sake kawo mini ita a juye, randa cike, robine ya ƙi zuba, kuma wannan karon cikin wandona.

Maganar fitsari zan yi. Mai ƙyama ya matsa gefe, in kuwa namiji ne ya ajiye takardar nan inda zai tuna, watarana zai neme ta.

Muna yara, ni da taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, tare muke kiwon awaki a kan tudun duwatsu da ke bayan ƙauyenmu, kusa da Tamaske. In rana ta take babu abin yi, sai mu jeru a bakin dutse mu gwada wa zai fi nisan fitsari. Ni ne sarki. Shi kullum sai ya ce iska ce ta cuce shi. Tun daga lokacin kowa a cikinmu yake kiran ɗan'uwansa bawa, har yau ba a raba gardamar ba.

Abin ya zo mini a hankali, kamar yadda kori, rafin nan na damina, ke cin gona. Da fari jinkiri ne kawai. In tsugunna bayan danga da buta, in jira. Tururuwa ta ɗauki ƙwayar hatsi ta wuce gabana, ta kai gida, ta dawo ta tarar da ni inda ta bar ni. In ya ga dama ya zo, siriri kamar zaren buhu, ya tsaya, ya yi tunani, ya ci gaba. In yi tsarki in tashi, in ji kamar ban yi komai ba. In yi alwala in kama hanyar masallaci, rabin hanya sai in ji ɗigo. In koma. Sahun gaba da nake tsayawa tun ina da ƙarfi, sai ga ni ina sallah kusa da takalman mutane. Zama wuri ɗaya ya gagare ni. Ina cikin hira zan tashi, in dawo an canza magana, kafin in kama zaren sabuwar na sake tashi.

A gindin bedi, wato dogon yaron da tsofaffin unguwarmu suke zama, ba wanda yake da wannan ciwo. Amma ikon Allah, kowa yana da wani aboki a wani gari mai fama da shi. Wannan ya ce na abokinsa sanyi ne. Wancan ya ce shayi ne, musamman zagaye na farko mai ɗaci. Wani ya ce basir ne ya sauko ya danne hanya. Wani da ya daɗe yana cin rani a bakin teku ya ce abokinsa tun yana saurayi ya ɗauko abinsa a can, ya warke, sai da ya tsufa tabon ya tashi. Yana faɗa yana kallon yatsun ƙafarsa. Ni ma na kawo labarin nawa abokin, na ce mutumin Babankatami ne, don in kai shi nesa.

Taubashina ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Allah sarki. Abokin nan naka ba shi na ba ruwan butarshi ke ɗumi kahin ya taso daga bayan danga? Ka ce mishi dutsen kakanninshi ya yi ma fitsari muna yara, yanzu sun tuna da shi."

Aka fashe da dariya. Gidanmu asalinmu azna ne, masu bautar gargajiya, kakana har ya rasu yana zuba gumba a gindin wani dutse in damina ta gabato, taubashina kuwa bai taɓa barin wannan magana ta huta ba. Na ce masa bawa ba ya sa baki in manya suna magana. Ban kai ƙarshen zancen ba na ɗauki buta.

Ana cikin haka ɗan ƙanena ya samu mata a Madawa. Ubansa ya rasu, ni ne babba, ni zan karɓi auren. Ba abin da za a wakilta ba ne. Wanda zai kai mu kuwa surukina ne, da tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya wadda yake ɗaukar albasa.

Surukin nan nawa mijin ɗiyata ta fari ne, wadda ko sunanta ba na kamawa. Tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa ganin na kai loma baki ba, ni ma ban san yadda yake tauna ba. In ya hango ni ya tuɓe takalma ya durƙusa, in amsa gaisuwarsa ina kallon gefe. Ƴaƴansa har sun fara gemu, amma abin yana nan yadda yake, kuma ina son ya zauna haka, don shi ne ɗan abin da ya rage mini na girma. To mutumin da ba na shan ruwa a gabansa, ta yaya zan buɗe baki in ce ya tsaida mota in fitar da ruwan? Ba sau ɗaya ba kuma. In je in tsugunna, jama'a cike da bayan mota suna jira, shi yana riƙe da sitiyari yana sane da abin da nake jira. Daga mu zuwa Madawa sai an bi ta Keita, an hau tuddan Buza, jar hanya mai gargada. Tun da aka sa rana ban sake samun natsuwa ba.

Sai na zauna na yi amfani da ilimina. Na farko, tun ana gobe tafiya na rage ruwa. Na biyu shi ne wanda nake alfahari da shi. Na lura duk sanda na yi mura na sha waɗansu ƙwayoyi masu ja da rawaya, irin na mai yawo da kwali a bayan keke, hancina yakan bushe ƙaf. Sai na yi lissafi irin na wanda ya kai aji huɗu: jikin mutum gida ɗaya ne, abin da ya rufe ƙofar sama zai rufe ta ƙasa. Na saya, na sha da yamma, na ƙara da safe, na ninka don hanya tana da nisa. Lissafin ya fito daidai. Shi kaɗai na taɓa ci a rayuwata, kuma shi ya so ya kai ni kushewa.

Da safe matata, tsohuwar gidana, ta tsare ni da kwanon kunu, ta ce ba a zuwa karɓar aure da ciki wayam. Na sha don a zauna lafiya. Aka ba ni gaban mota. Na tura taubashina tsakiya ya zama danga tsakanina da surukina.

Ba mu kai Keita ba na fara jin kira. Na gyara zama, na sake gyarawa. Na ƙirga itatuwa, na ɓata, na fara daga farko. Can sai mota ta rage gudu ta tsaya a gefe.

Surukina ya ce, kansa a ƙasa, "Baba, a yi haƙuri. Mota ta yi zahi, sai ta huce."

Ya fita, ya ɗaga murfin inji, ya sauke bidon, wato jarkar ruwa, ya cusa kansa ciki. Na yi tsaki don a ji, na ce motocin zamani ke nan, jaki ya fi su amana. A zuciyata kuwa na sa wa motar albarka. Na ɗauki buta kamar mai zuwa miƙe ƙafa, na wuce bayan jerin duwatsun nan da mata suka ɗora a zamanin aikin gyaran ƙasa, inda yanzu ƙaya ta yi duhu. Na tsugunna.

Shiru.

Na jira. Na zuba ruwan buta a ƙasa don ya ji ƙarar ɗan'uwansa ya yi sha'awa. Na yi masa fito irin wanda ake wa dabba a bakin rijiya. Na duba gabas da yamma, ba kowa, Allah ya yafe mini, na miƙe na gwada a tsaye kamar anasara. Abin da na samu bai kai hawayen mai dariya ba. Na koma mota da kayana yadda na fito da su.

Bayan Keita mota ta sake zafi. Gaba kaɗan ta ƙara. Mutanen baya suka fara gunaguni, wani ya ce da wannan tafiya sai dai mu tarar da suna. Taubashina ya ce, "Yaro, motar ga taka ta hi ni shan ruwa. Ka kai ta gidan tsohi ta huta mana."

Surukina ya ce, "Haka take, Baba, in ta ga tudu."

Kowane tsayi na je, kowane tsayi na dawo. Kira yana ƙaruwa, ƙofa a kulle. Da muka fara hawan tuddan Buza marata ta kumbura ta yi tauri kamar ƙwaryar da aka kife. Duk dutsen da taya ta taka a nan nake jinsa. Na zauna a gefe ɗaya, na koma ɗayan, na dafa gaban mota na ɗaga jikina. Gumi ya jiƙe hulata. Na fara istigfari a bayyane, har wani daga baya ya ce tsohon nan akwai ibada. Mota ta faɗa wani rami, gwiwar hannun taubashina ta bugi cikina. Na yi wata ƙara da ban san ina da irinta ba. Ya juyo ya dube ni. Tun muna yara ranar ce ta farko da na ga bakinsa a rufe.

Da mota ta sake zafi ya biyo ni bayan wani gawo.

"Bawa, ya hito?"

"Mi?"

"Ruwan sama. Kai, bari wasa. Yaushe rabonka da shi?"

Na ce na kirki tun jiya. Ya sa hannu ya taɓa marata, ya janye da sauri.

"Buza na gabanmu. Mu tsaya likita."

"Wa za ya kai mu? Shi? In ce mishi mi? Gara in fashe."

"In ka fashe cikin motar tai ai shi za ya wanke. Sannan kunya ta cika."

Na ce ko me zai faru sai na karɓi auren nan, kuma in ya kuskura ya buɗa baki gaban yaron nan, ni da shi har lahira. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce tun muna kiwo ya san kaina dutse ne, gadon gida. Muka koma mota, ni ina tafiya a tattale kamar mai ɗauke da ƙwai a riga.

Muna shiga Buza, daidai inda mutane suka fi yawa, sai taubashina ya dafe cikinsa da hannu biyu ya kurma ihu.

"Wayyo marata! Yaro, likita! Fitsarina ya ɗaure tun jiya! Wayyo Allah, zan fashe!"

Shi dama kunya ba ta taɓa kwana a gidansa ba. Na baya suka leƙo, masu talla suka juyo. Surukina bai tambayi komai ba, ya karya kan mota. A ƙofar likita, wato ɗan asibitin garin, mutane suka diro za su kama shi, ya daka musu tsawa. "Kowa ya tsaya! Ba mai ganin tsiraicina sai bawana. Taso ka riƙe ni, mi amfaninka?" Na kama hannunsa. Wanda ya gan mu zai ce ni nake tallabe da shi. Nauyina duka a kafaɗarsa yake.

Majo, wato babban ma'aikacin wurin, wani mai ƙaramin gemu, ya ce wane ne marar lafiyar. Taubashina ya miƙe sak, ya gyara hula, ya nuna ni da baki. Majo ya kwantar da ni ya danna marata, ya tambayi abin da na sha. Na zaro sauran ƙwayoyin daga aljihu, na kuma yi masa bayanin lissafin da na yi, dalla-dalla, don ya san ba da jahili yake magana ba. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce a ja labule.

Siririyar roba ya sa ta hanyar da abin ya ƙi bi. Ba zan ce da daɗi ba. Amma da ta isa inda za ta, na ji ƙarar ruwa a cikin tasa, sai na ji duniya tana dawowa wurinta, bango ya daina lilo, har na ji kukan kurciya a waje. Na kalli tasar tana cika na ce, mushe, Allah ya jiƙanka, ga amsarka. A bayan labule kuwa taubashina yana tsaye kusa da taga yana ta nishi da ƙarfi don na waje su ji, yana kiran uwarsa da ta rasu tun zamanin fari. Sai da majo ya ce, "Baba, ya isa haka, kana tsorata mata masu awo."

Bayan nan aka yi wani gwaji da ba zan bayyana ba. Majo ya sa safar hannu, ni na kalli bango na tuna mutuwa.

Da na zauna ya ɗauki wata roba ya damƙe ta a tafin hannunsa ya matse. Ya ce haka abin yake. Akwai wata tsoka a ƙarƙashin mafitsarar namiji, girmanta kamar goro, hanyar fitsari ta tsakiyarta ta ratsa. In shekaru suka taru takan ƙara girma ta matse hanyar, shi ne jinkirin, shi ne siririn zaren, shi ne ɗigon. Ya ce ba ita kaɗai ke kawo haka ba. Tabon ciwon da aka ɗauka a ƙuruciya yakan tsuke hanya, tsakuwa takan tare ta, ƙwayoyin cuta sukan kumbura ta, ciwon suga ko na jijiya yakan kashe ƙarfin mafitsarar kanta, mata ma suna samun nasu. Waɗansu magunguna kuma, irin nawa na mura, in suka tarar da ƙofa a tsuke sai su ƙarasa rufe ta, riƙon da na yi ta yi a hanya ya ƙara. Ya ce dole in je babban asibiti a duba da kyau, don wani kumburin na tsufa ne kawai, wani kuma mugu ne, ba a gane su da ido. Na tambaye shi batun dutsen kakanni. Ya ce wannan ba a koya musu ba.

Robar za ta zauna a jikina kwanaki, da wata jaka da aka ɗaure mini a cinya. Na saki babbar rigata a kai, ta rufe komai. Ranar na gane hikimar wanda ya fara ɗinka babbar riga, tabbas tsoho ne.

Muka fito. Taubashina ya koma ɗingishi yana tattale ƙafafu, ni ina tafe a miƙe ina ce masa sannu. Surukina yana can kansa cikin inji. Da ya ji mu ya zo ya durƙusa, idonsa a ƙasa, daidai tsakanin ƙafafuna da na taubashina.

"Sannu, Baba. Allah ya ƙara sauƙi."

Taubashina ya ce amin cikin muryar mai jinya. Ni ma saura kaɗan amin ɗin ta kuɓuce mini.

Mun isa Madawa ana shirin tashi nemanmu. Na zauna a kan tabarma gaban liman na karɓi aure da murya garau, jaka tana aikinta a ƙarƙashin riga ba wanda ya sani. Da aka kawo fura surukina ya ce zai je neman man inji, ya ɓace. Na sha har na ga gindin ƙwarya.

Washegari muka juyo. Mota ta hau tuddan Buza kamar barewa. Ta wuce gawon jiya, ta wuce jerin duwatsu, ta wuce Keita, ko tari ba ta yi ba. Na ce wa taubashina, don ba na son in yi wa yaron magana kai tsaye, "Motar ga ta samu lahiya."

Surukina yana kallon hanya ya ce, "Alhamdu lillahi, Baba. An dace da makaniki."

Sai na tuna bidon da yake saukewa a kowane tsayi jiya, ga shi nan a gindin ƙafata, cike yadda ya baro gida. Na tuna kuma ana gobe tafiya na ga tsohuwar gidana da ɗiyarta, matar surukin nan, a bakin murhu, kawunansu a haɗe, da na shigo suka koma maganar tsadar gishiri. Na juya na kalli taga har muka iso.

A ƙauye labari ya riga mu: fitsarin taubashina ya ɗaure a tsakiyar Buza. Bai musa ba. Ya kwanta a zaure ana zuwa gaishe shi, ana kawo masa kunu da saiwoyi, yana sha yana ba da labarin robar da ƙari, har tsawonta ya kai igiyar guga. Tsofaffin gindin bedi suka riƙa zuwa masa ɗaya bayan ɗaya, kowa da tambayar abokinsa. Sai ya ce, "Ni ciwo ya gigita ni, ban riƙe bayanin ba. Ku tambayi bawana, shi ya yi lakol." Su zo wurina, in damƙe igiya a tafin hannu in matse, in ce a gaya wa abokin ya bar ƙwayoyin mura ya tafi likita tun ƙofa ba ta rufe ba.

An duba ni a babban asibiti, an ce na tsufa ne, an ɗora ni a kan magani. Robine yana zuba yanzu, ba kamar na kan tudu ba, amma tururuwa ba ta dawowa ta tarar da ni. Taubashina ya ce in na isa mu koma bakin dutse a sake gwadawa. Na ce sai ranar da babu iska, don kada ya samu abin faɗa.

In lokacin komawa asibiti ya yi, surukina yakan aiko ta bakin tsohuwa a tambaya ko ranar Baba taubashi ta zo. Sai in sa babbar riga in raka marar lafiya. Wannan rubutu ma in ya kai hannunsa ya karanta, na san zai ce bai gani ba. Har yau ban sha ruwa a gabansa ba. Sai dai yanzu in za mu yi tafiya, a gida nake shan abina in ƙoshi, don na san motar tana zafi in ta ga tudu.